Idon Sa-ido Daga Sama: Wanne Ya Dace Da Sararin Damagaram?

Hukumar da ke shirin ɗora wa jirgi maras matuƙi na'urar gani, domin tsaron bututun man da ya taso daga Agadem zuwa matatar SORAZ ko hanyoyin Tesker da Termit, tana da zaɓi biyu tun kafin a zo kan farashi.

Na farko shi ne dunƙulen kyamara mai juyawa da ake maƙalawa a ƙasan jirgi, irin MX-15 na kamfanin Wescam na Kanada ko CATS na kamfanin Aselsan na Turkiyya, waɗanda aka sani a jikin Bayraktar TB2, jirgin da Nijar ta karɓa daga Turkiyya a 2022. Yana jawo hoton mota daga nesa har a tantance ta, sai dai ganinsa irin na mai leƙe ta kafar makulli ne, abin da ya faru a gefe ya wuce shi ke nan. Na biyu yana ɗaukar faɗin gari guda a lokaci ɗaya, kamar Gorgon Stare da sojin Amurka suka fara aiki da shi a Afganistan a 2011, ko ARGUS-IS mai haɗa ƙananan kyamarori 368. Da shi ana iya komawa baya a bi sawun mota har inda ta fito, amma hotuna kaɗan yake ɗauka a daƙiƙa, kuma yana buƙatar rumbun ajiya mai girma da ƙwararrun masu nazari.

Inda ya fi cancanta a tsaya shi ne idon da ke ganin zafin jiki, domin kyamarar rana tana makancewa da dare, tana kuma raunana idan hazon hunturu ya rufe gari. Idon zafin iri biyu ne, ana bambanta su da tsawon igiyar hasken zafin da suke gani, wanda ake aunawa da maikuron. Mai aiki a zangon maikuron 3 zuwa 5 ya fi hangen nesa, amma sai an sanyaya shi zuwa kusan digiri 196 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, kuma injin sanyayawar yana gajiya. Mai zangon 8 zuwa 14 akwai wanda ba ya buƙatar sanyi, ya fi araha, ya kuma fi jure ƙura, ko da yake hangensa gajere ne. Dukansu suna da rauni guda: bayan fitowar rana da kuma wajen faɗuwarta, zafin yashi yakan yi daidai da na mutum, sai siffarsa ta dusashe a hoton.

A ganina, kada a sa hannu kan kwangila sai an gwada na'urar a nan, cikin zafin Afirilu da hazon Janairu, an kuma rubuta wanda zai gyara ta da inda kayan gyaran za su fito, tunda Kanada ta taɓa dakatar da sayar wa Turkiyya kyamarorin Wescam a 2020.