Kafin Ka Sayi Keken Hawa Dutse: Wanne Ne Zai Koya Maka Hannu?

Wanda ya saba tuƙa keke a kan kwalta yakan ɗauka ya gama iya keke. Sai ranar da ya fara gangarowa daga tudu mai tsakuwa, tayar baya na zamewa, kan keken na fizgar hannunsa, sannan zai gane cewa wannan wani karatu ne daban. Masu son shiga harkar sukan tambaye ni keken da ya kamata su saya. Abin da nake ce musu kullum shi ne, a nemi keken da zai bar mutum ya koyi hannu, a ware kuɗin hular kwano da na mai koyarwa, kada a zuba komai a kan ƙarfe.

Iri uku za ka tarar a kasuwa. Akwai mai shokazoba a gaba kawai, akwai mai shokazoba gaba da baya, sai kuma na ukun da ke sa ni baƙin ciki: sabon keke mai ƙyalli, da ƙaton sifirin a tsakiya, da rubutu rangaɗa-rangaɗa a jiki, a farashin da bai kai rabin na gwanjo mai kyau ba. Wannan kama da keken dutse kawai ya yi. Ɗaga shi ka ji nauyi, danna sifirin ɗin ka ga yadda yake wullo ka sama babu abin da ke tare shi. A kan gargada yakan yi ta tsalle da mutum, birkinsa kuma waya ce mai taushi da ke miƙewa cikin 'yan makonni. Mai koyo a kansa tsoro yake koya, domin keken ba ya amsa abin da hannu ya ce masa. Gwanjo mai suna, irin su Trek, Giant ko Specialized, ko da fentinsa ya goge, ya fi shi nesa ba kusa ba, muddin bodin bai tsage ba.

Tsakanin na gaskiya guda biyun, ni ina bayan mai shokazoba a gaba kawai, mai nutsewar milimita 100 zuwa 130. Dalilina shi ne ba ya rufa wa mutum asiri. In ka bi ta kan dutsen da bai kamata ba, nan take ƙafafunka za su ji, gobe sai ka ɗaga kai ka zaɓi hanya tun daga nesa. Gwiwa da gwiwar hannu su ne shokazobar farko, kuma wannan keken ne ke tilasta maka ka sake su, ka tashi daga sirdi, ka bar keken ya yi rawa a ƙarƙashinka. Mai gaba da baya ya fi daɗi, ya fi riƙe ƙasa a gangara mai tsanani, kuma ga mai ciwon baya ko wanda shekaru suka ja, ban ga laifinsa ba. Sai dai ɗawainiyarsa da yawa. Kamfanin RockShox mai ƙera shokazoba yana ba da shawarar a buɗe ƙafar gaba, wato shokazobar da ke riƙe da tayar gaba, a canja mata mai bayan kowace awa 50 ta tuƙi, to ka haɗa da ta baya, da boris ɗin gaɓoɓin da ƙurar hunturu ke shiga. Kafin ka biya, tambayi kanka wa zai gyara maka shi a garinku. Waɗanda suka fara wannan wasa a Dutsen Tamalpais da ke Kalifoniya ta Amurka, a shekarun 1970, tsofaffin kekuna marasa shokazoba suke gangarowa da su. Ko keken Stumpjumper da kamfanin Specialized ya fitar a 1981 ba shi da ita, amma a kan irinsu aka ƙirƙiro yawancin dabarun da ake koyarwa yau.

Girman bodi ba abin ciniki ba ne. Keken da ya fi ƙarfinka, ko kyauta aka ba ka, ba za ka iya sarrafa shi a kwana ba. Tsaya da shi a tsakanin ƙafafunka, ka tabbata akwai sarari tsakaninka da sandar sama. Tayoyi kuma inci 26 ne, ko 27.5, ko 29. Ta 29 ta fi haye duwatsu cikin sauƙi, ƙananan sun fi saurin juyawa, amma abin da ya fi muhimmanci shi ne ka leƙa wajen masu kayan keke na kusa da kai ka ga wacce suke da tayarta da tub ɗinta.

Birki ne inda nake so a daɗe ana dubawa. Mai faifai ya fi mai roba da ke matse wili, musamman da damina in laka ta shafe wilin. A cikin masu faifai kuma, na mai ya fi na waya, domin da yatsa ɗaya ake kama shi, sauran yatsun na riƙe da kan keke. Wannan yatsa ɗayan shi ne darasin farko. Mafi yawan ƙarfin tsayawa a birkin gaba yake, kuma mai koyo sai ya saba matsa shi a hankali, kamar mai taɓa mangwaro ya ji ko ya nuna. In birkin ba ya kamawa sai an damƙe shi da hannu duka, wannan laushin hannun ba zai taɓa samuwa ba. Na waya mai kyau ma yana aiki, kuma kowane mai gyaran keke zai iya ɗaure shi, saboda haka ba aibi ba ne a fara da shi. In na mai ka ɗauka, ka san man da yake sha: birkin kamfanin Shimano man ma'adini yake amfani da shi, yawancin tsofaffin na kamfanin SRAM kuma man birki irin na mota mai lambar DOT. In aka cakuɗa su, robobin ciki lalacewa suke yi.

Ga wani abu da masu sayen gwanjo ba su cika sani ba. Keken da aka haɗa don Ingila, birkin gaba a hannun dama yake, na Amurka da yawancin ƙasashen Turai kuwa a hagu. Wani ƙanena ya ari kekena a wata gangara a bayan garin Jos, ya damƙi abin da ya ɗauka birkin baya ne, sai ga shi ya tashi ta saman kan keken ya dira da kafaɗa. Wata guda bai ɗaga hannun ba. Tun daga ranar, duk wanda zai hau keken da ba nasa ba, sai na sa ya tura shi da ƙafa ya gwada kowane hannu tukuna.

Feda iri biyu ce. Akwai mai kama takalmi, wadda Shimano ya yaɗa da samfurin SPD tun 1990, akwai kuma shimfiɗaɗɗiya mai 'yan ƙusoshi. Mai koyo ya ɗauki shimfiɗaɗɗiya. Yana iya sauke ƙafa duk lokacin da ya ga dama, kuma dole ya koyi danna dunduniya ƙasa don ƙafar ta zauna. Ƙusoshin suna yagar ƙwauri, wannan gaskiya ne, doguwar safa mai kauri tana ragewa. Sirdi mai sauka da tashi da maɓalli abu ne mai kyau ƙwarai, amma matsewar sirdi da ake buɗewa da hannu ta wadatar a shekarar farko: ka tsaya, ka sauke shi kafin gangara. Taya tubles mai ruwan toshe huji tana maganin ƙaya, sai dai a zafinmu ruwan kan bushe cikin 'yan watanni, sai an riƙa ƙarawa.

Hular kwano kam sabuwa za a saya. Duba cikinta ka ga tambarin inganci na EN 1078 ko CPSC. Kumfar cikinta sau ɗaya take ɗaukar bugu mai ƙarfi, kuma ta gwanjo ba ka san abin da ta riga ta sha ba.

Saura mai koyarwa, wanda shi ma zaɓi ne da ake kashe wa kuɗi. Bidiyon YouTube zai nuna maka yadda ake tsayuwa a kan feda, amma ba zai gaya maka cewa kai ɗin ka sandare hannuwa kana kallon tayar gaba ba. Bin ayarin abokai yana sa ƙarfin zuciya, illarsa ita ce gwanaye kan ja sabon shiga zuwa inda bai isa ba, kunya kuma ta hana shi sauka ya tura. Malami mai takarda, irin wadda ƙungiyar malaman keken dutse ta PMBIA da ke Kanada ke bayarwa, shi ya fi, in an same shi. In babu, nemi wanda ya daɗe a harkar kuma yake da haƙuri. Alamar na kirki ita ce ba zai fara kai ka kan dutse ba. Filin makaranta zai kai ka, ya jera robobin ruwa, ya sa ka yi ta zagaya su a hankali kana kallon inda za ka, ba inda kake ba, har sai ka iya tsayar da keken cak ba tare da taya ta ja ƙasa ba. Wani ya riƙe waya ya ɗauke ka ta gefe, ka kalla da idonka, domin yadda jiki ke ji daban yake da yadda yake a zahiri.

Ranar saye, je da fitilar hannu ka haska wuraren walda, musamman ƙarƙashin wuyan keke da gindin sirdi. Kama birkin gaba ka girgiza keken gaba da baya. In ka ji ƙwas-ƙwas a wuya ko a ƙafar gaba, a rage kuɗin gyara daga farashi, in kuma tsaga ka gani ko da siririya ce kamar gashi, ka bar masa kayansa.