Agzilarin Hilux: yadda ƙafafun gaba ke kamawa, da abin da na gani a laka da rairayi

Motar da nake magana a kanta Toyota Hilux ce ƙirar Vigo, wadda aka riƙa fitarwa daga 2004 zuwa 2015, mai injin fetur 2.7 da giyar hannu. A gwanjo na saye ta. Aikinta kwasar riɗi da zoɓo da buhunan shinkafa daga ƙauyukan Haɗeja da Kirikasamma da Guri, wani lokaci kuma ta shiga rairayin Machina. Ba zan ɓata lokaci a kan inji ko shan mai ba, wannan kowane direba yana da bakin magana a kai. Sharhina a kan agzilari ne kawai, wato abin da ke sa ƙafafun gaba su taya na baya ja.

Hukuncina tun daga farko shi ne, tsarin yana da kyau, kuma in an ba shi haƙƙinsa ba ya ba mutum kunya. Sai dai haƙƙin nasa ba kowa ya san shi ba. Da yawa daga masu irin motar nan sun ɗauka da zarar an ja ƙaramin sandan giyar nan, shi ke nan ƙafa huɗu sun kama. Ba haka ba ne. Sandan rabin aikin yake yi.

Kamar gida ne mai zaure biyu: ƙarfin inji sai ya wuce ƙofa biyu kafin ya kai ga tayar gaba. Ƙofar farko tana cikin ƙaramin akwatin giyar da ke manne a bayan giyabos, wanda makanikai ke ce wa tiransifa. In sandan yana H2, wato matsayin tafiyar yau da kullum, ƙarfi na wucewa kai tsaye zuwa farfelar baya, dogon ƙarfen nan da ke kai juyi ga tayoyin baya. Idan ka ja sanda zuwa H4, wani zobe mai haƙora yana zamewa ya kama, sarƙar da ke cikin akwatin ta ɗauki ƙarfi ta miƙa wa farfelar gaba. To, farfela ta fara juyi, amma tayoyin gaba ba su san ana yi ba tukuna.

Ƙofa ta biyu tana can a aksil ɗin gaba, kuma a nan ne motoci suka sha bamban. Dalilin yin ta kuwa a bayyane yake. Da a ce tayoyin gaba a haɗe suke da komai a kullum, duk tafiyar da ka yi a kwalta tayoyin za su riƙa juya manyan haƙoran aksil da farfela ba gaira ba dalili, mai ya ƙaru, ƙarfe ya ci ƙarfe, sitiyari ya yi nauyi. Wannan ne ya sa wani Ba'amurke, Arthur Warn, ya ƙera makullin cibiyar taya a 1948 domin motocin jif ɗin soja da suka yi saura bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Shi ne ɗan murfin nan mai rubutun FREE da LOCK da kake gani a tsakiyar tayar gaba ta tsofaffin Hilux da Land Cruiser. Ka sauka, ka murɗa na dama, ka zagaya ka murɗa na hagu, sannan ka hau ka ja sanda.

Tawa ba ta da wannan murfi. Tsarin da Toyota ke kira ADD gare ta. Shafunan gaba biyu a haɗe suke da tayoyi har kullum, suna juyi tare da su. Yankewar tana cikin aksil ɗin kansa: shaf ɗin ɓangare ɗaya a rabe yake gida biyu, akwai zobe mai haƙora da ke haɗa su ko ya raba su. In a rabe suke, ƙananan haƙoran cikin aksil suna ta zagayensu a banza, babban haƙori da farfela kuwa suna hutawa. Da ka shiga H4, wani suwic a jikin tiransifa ya ba da labari, wata 'yar ƙaramar na'urar lantarki da ke jikin aksil ta tura zoben ya haɗe shaf ɗin. A motocin da suka girmi tawa, iskar zuƙo ta inji ce ke yin wannan turin ta cikin siraran tiyo.

A nan fitilar dashbod take da amfani, kuma ita ce abin da na fi yaba wa a tsarin duka. In fitilar agzilari ta kunnu ta tsaya cak, ƙofofin biyu sun buɗe. In ba ta tsaya ba, haƙoran zoben ba su dace da juna ba tukuna. Abin da na lura da shi a aikace shi ne, motar ta fi son a shigar da ita tana tafiya a miƙe, sitiyari a tsaye, ka ɗan ɗaga ƙafa daga totur. Sai ka ji ɗan ƙas a ƙasa, fitila ta zauna. Littafin motar ya yarda a shiga H4 ana cikin tafiya matuƙar gudun bai kai kilomita 80 a awa ba, kuma ba sai an taka kuloci ba. Ƙirar da ta biyo baya a 2015 ma akasari babu sandan, maɓalli ne ake murɗawa.

Wannan sauƙin ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke bin hanyoyin fadama da damina. Hanya ce da za ka yi burji mai ƙarfi, sai kwari cike da ruwa, sai burji kuma, sai taɓo. Mai makullin hannu ko dai ya kulle tun daga gida ya haƙura da ƙarin mai, ko ya riƙa sauka yana tsoma ƙafa a laka da babbar rigarsa. Ni daga kujera nake gamawa.

Amma ga sharaɗin da ya fi kowane muhimmanci: a shiga agzilari tun kafin a kafe. In ka bari sai tayoyin baya sun nutse suna ta watsa laka, na gaba kuma suna tsaye ƙyam, sannan ka fizgi sanda ƙafarka na kan totur, to kana neman haɗa ƙarfen da ke gudu da wanda ke tsaye. Ƙarar da za ka ji ba mai daɗi ba ce, kuɗin gyaran ma haka. In har an riga an kafe, a saki totur, tayoyi su tsaya, a shiga H4, a ɗan motsa gaba ko ribas kaɗan don haƙora su samu gurbinsu. A wannan hali kam mai makullin hannu ya fi ni kwanciyar hankali, domin shi da hannunsa ya murɗa, ya san ya kulle.

L4 kuma wani abu ne daban. Ba ta ƙara wa gaba kamu, rage gudu take yi ta ninka ƙarfi, kusan ninki biyu da rabi a Hilux. Sai an tsaya, a taka kuloci, sannan a shiga. Da kaya a baya, a hawan gaɓar rafi ko a rairayi mai zurfi, ita ke ceton kuloci daga ƙonewa. A rairayin ma rage iskar taya ya fi kowace giya aiki, amma wannan zancen wata rana ne.

Abin da bai kamata a yi ba shi ne tafiya da H4 a busasshiyar kwalta. Tiransifar wannan mota ba ta da abin da ke raba gudu tsakanin gaba da baya. In ta kama, farfelu biyun gudu ɗaya suke yi dole. A kwana kuwa tayoyin gaba sun fi na baya cin nisa. A ƙasa mai santsi ko yashi, taya ɗaya za ta ɗan zame, a rabu lafiya. A kwalta babu zamewa, sai ƙarfin ya taru a cikin ƙarafa. Za ka ji sitiyari ya yi tauri, mota tana tirjewa a kwana kamar an taka birki, sanda kuma ya ƙi komawa H2. Maganinsa a miƙe sitiyari a ɗan yi ribas, ko a sauka gefen hanya inda akwai ƙasa. Na ga direbobi suna dukan sandan da tafin hannu suna zagin mota, alhali motar ba ta yi laifin komai ba. Wanda tafiyarsa rabi kwalta ce mai ruwa rabi ƙasa, kuma yake son barin ƙafa huɗu a kame ba tare da tunani ba, Mitsubishi L200 mai tsarin Super Select ya kamata ya duba, domin ita tana da abin raba gudun a tsakiya.

Kada kuma a ɗauka ƙafa huɗu na nufin tayoyi huɗu sai sun ja tare. Aksil ɗin gaba buɗaɗɗe ne, yana sakin ƙarfi ta wajen tayar da ta fi samun sauƙi. In ta gaba ta dama ta rataya a rami, ta baya ta hagu kuma tana kan santsi, sai ka ga biyu na juyi, biyu na kallo, fitila kuwa tana kunne lafiya lau. Ba lalacewa ba ce, iyakar tsarin ke nan. Shebur da katako har yanzu ba su bar bayan motata ba.

Matsala ɗaya na tarar ranar da na karɓo ta: sanda na shiga, gaba ba ya kamawa. Waɗanda suka riƙe ta kafin ni da alama cikin gari kawai suka yi ta yawo da ita, kuma wani ya tsinke ɗan tiyon numfashi na na'urar aksil bai mayar ba, ruwa da ƙura suka shiga suka ci wayoyin ciki. Bakanike na farko da na kai wa cewa ya yi, “Alhaji, sai an sauke tiransifa gaba ɗaya.” Na gode masa na wuce. Wani mai wayarin ne ya kwance na'urar, ya wanke ta, ya sa giris, ya mayar da tiyo, magana ta ƙare. Littafin Toyota da kansa ya ce a riƙa tafiyar aƙalla kilomita 16 da ƙafa huɗu kowane wata don mai ya zagaya kayan gaba. Mutum nawa ke yi? Duk tsarin da ya dogara da lantarki ko iska a ƙarƙashin mota, zama da ruwa ne abokan gabansa. Ford F-150 ta Amurka ma akwai ƙirarta da ke riƙe makullanta a buɗe da iska, in tiyo ya yi ɗigo sai su fara gogar juna ana cikin tafiya.

Shi ya sa ban ga laifin mutanen Agadas da masu ratsa hamadar Tenere ba da suke riƙe da Land Cruiser 79 mai miƙaƙƙen aksil da makullin hannu. Inda babu mai wayarin sai an yi tafiyar kwana biyu, abin da hannu ke murɗawa ya fi abin da waya ke turawa. Ni kuwa da ba na nisa da Haɗeja ko Nguru, kuma kayan gyara na nan jibge a Ƙofar Ruwa a Kano, da za a sake ba ni zaɓi ADD ɗin zan sake ɗauka.

Wanda zai sayi ta hannu, kada ya tsaya a kan fitila ko rantsuwar dillali. A fita da motar kan ƙasa, a shiga H4 ana tafiya a hankali har fitila ta zauna, a tsaya a ja birkin hannu, a bar ta cikin giya, a kashe. A sa jak a ɗaga tayar gaba ɗaya, sauran ukun na ƙasa. In ka juya ta da hannu ta ɗan motsa ta cije, gaba ya kama. In ta yi ta zagaye, to akwai gyara, a cire kuɗinsa daga ciniki. Tunda an riga an durƙusa, a leƙa robobin shaf ko sun yage, a kuma tabbatar tayoyin huɗu girmansu ɗaya ne, domin taya mai bambancin girma kaɗai ta isa ta hana agzilari shiga ko fita.