Kilen wifi na jika takwas da batirin dala ɗari

Kwana goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da wannan magana, ina jira zuciyata ta huce kafin in rubuta, don kar in ɗauki alhakin kowa. Har yanzu ba ta gama hucewa ba, amma bari in faɗe ta yadda take.

Kilen wifi na saya, wato ɗan abin nan da ake sokawa a ramin USB na kwamfuta don ta kama wifi, irin mai ɗan baƙin ƙahon nan da ake lanƙwasawa, wanda aka rubuta AC600 a kwalinsa. Kun san shi, babu teburin da ba ya kansa a layin masu kayan kwamfuta na Babbar Kasuwa. Jika takwas na biya bayan an sha ciniki, kuma na san akwai mai cewa shi shida ya saya. To, Allah ya ƙara maka wayo, ni ranar a matse nake.

Abin da ya matsa ni shi ne memuwar, wato kundin binciken da ake rubutawa don kammala digiri. Ina shekarar ƙarshe ta mastar a nan Yamai, malamin da ke duba aikina kuma ba ya karɓar "ban samu ba". Zai turo sunayen maƙaloli goma sha biyu da daddare, ya ce zuwa Alhamis yana son ganin babi. Forfe na waya kuwa, wato datar intanet da ake saya, kun san halinsa, ka sa na jika da safe, kafin la'asar saƙo ya shigo wai ya ƙare. Ga wifin jami'a kyauta yana yawo a iska, ƙawayena na zaune gindin dogon yaro suna sauke littattafai, ni tawa kwamfutar ta ƙi. Tana ganin sunan rezon sarai, layukan nan duk a cike. In danna, ta nemi lambar ɗaliba da kalmar sirri, in rubuta, ta yi ta juya ɗan zoben nan kamar mai tunani, sai ta rubuto: "Impossible de se connecter à ce réseau." Wato ba za ta iya shiga wannan rezon ba. Shi ke nan, babu dalili, babu ƙarin bayani. Mako biyu muna haka ni da ita.

Kwamfutar ta hannu ce, Yaya ya sayo mini ita a Kano ya aiko ta Konni. Tsohuwa ce amma ba ta taɓa ba ni kunya wajen rubutu ba, illarta ɗaya babban batirinta ya mutu, ana ɗauke wuta take mutuwa. A watan Afrilu na Yamai kuwa, da rana ke wuce digiri 40, ɗauke wuta ba labari ba ne.

Ranar wata Asabar na saka ta a jaka na hau faba-faba zuwa kasuwa. Mai shagon, wani mai fara'a, bai ma bari na gama bayani ba. Ya buɗe ta, ya danna nan ya danna can, bai kai minti ɗaya ba ya rufe.

"Hajiya, katin wifinta na ciki ne ya ƙone. Zafin nan ne, duk haka suke yi. Ko a buɗe ta a canza, jika goma sha biyar, ko ki ɗauki wannan ki huta."

Na ce, "Malam, amma fa tana ganin rezo. Abin da ya ƙone yana gani?"

Ya yi dariya. "Makaho ma yana jin ana biki, Hajiya, zuwa ne ba ya iyawa."

Wallahi maganar ta burge ni, na zaro kuɗi. Yanzu in na tuna ta sai in ji kamar in ciji yatsa, ashe azancin na saya jika takwas, kilen gyara aka yi mini.

Na dawo ɗaki na buɗe kwali. A ciki akwai kilen da wani ɗan mitsitsin faifai mai ɗauke da manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi. Wurin saka faifai na kwamfutata ya daɗe da daina buɗewa. Na soka kilen haka nan, ko ƙyaftawa fitilarsa ba ta yi ba. Wato sai na shiga intanet na sauko da manhajar abin da na saya don in shiga intanet. Na sa forfe, na nemo ta a waya, na tura wa kwamfuta ta igiya. Dare ya raba kafin ƴar koriyar fitilar nan ta kama. Na kwanta da murna, har na yi wa ƙawata saƙo cewa Litinin ita ma za ta ga aiki.

Litinin da safe na zauna a ɗakin karatu, na miƙar da ƙahon kilen sama kamar mai neman tashar rediyo, na rubuta lamba da kalmar sirri. Zoben ya juya, ya juya. "Impossible de se connecter à ce réseau." Kalma ɗaya ba ta canza ba. Ina zaune cikin mutane sai ga ƙwalla, na yi kamar ƙura ce.

Wani ɗan ajinmu ne ya ce, me ya hana ki zuwa ɗakin kwamfutoci wajen dattijon nan? Gaskiya na sha wuce ƙofar, amma na ɗauka wurin ƴan sashen lissafi ne. Na same shi shi kaɗai, da ɗan gilashinsa a kan hanci, fanka na kaɗa iska mai zafi, ga butar shayi a ƙasa.

"Mushe, ina kwana. Ordina ce ta ƙi kama wifi."

"Lafiya lau, ƴata. Aje ta nan. Jona ta, na ga alama ba ta riƙe wuta."

Ta tashi. Bai taɓa kilen ba, bai ma dube shi ba. Ya kai ɗan yatsa can ƙasa ta hannun dama, inda agogo yake.

"Karanta mini wannan."

Na karanta. 01/01/2012.

"To, ke kina bana, ordinki tana 2012. Ta yaya za ku je biki ɗaya?"

Kunya ta kama ni, don kwanan watan nan kullum ina ganinsa. Na ɗauka ado ne, tunda lokaci a waya nake dubawa. Ya jawo mini kujera ya yi mini bayani a tsanake, bayanin da zan so a ce wani ya yi mini tun makon farko. Ya ce wifin jami'a ba irin na gida ba ne da kowa ke shiga da kalma guda. Irin wanda ake kira WPA2-Entreprise ne, kowane ɗalibi da sunansa da kalmarsa. Kafin kwamfuta ta yarda ta miƙa kalmar sirri, sai uwar na'urar jami'a ta nuna mata takardar shaida, don kar wani ɗan damfara ya kafa rezo mai suna iri ɗaya ya kwashe kalmomin mutane. Takardar nan tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, kamar katin ɗan ƙasa. Kwamfutar da ke zaton tana 2012, in aka nuna mata takardar da aka buga bara, gani take lokacinta bai zo ba, sai ta ƙi. Ita a ganinta kare ni take yi.

Abin da ke mayar da ita baya kuwa, wani ɗan batiri ne a cikinta, fari, faɗinsa bai wuce na ƙwandala ba, CR2032 sunansa, shi ke riƙe agogo in an kashe na'ura. Nawa ya mutu, babban ma ya mutu, saboda haka duk sanda na zare ta daga bango sai ta koma ranar da aka haife ta. Ya aiki wani yaro ya sayo sabo wajen masu gyaran agogo, dala ɗari. Ya kwance ƙusoshi, ya canza, ya gyara kwanan wata.

Muka sake gwadawa, ta sake ƙi. Na ji gabana ya faɗi, shi ko a jikinsa. Ya ce in sake rubuta kalmar, amma in danna ɗan idon nan da ke gefe in ga abin da nake rubutawa. Na danna. Inda nake buga a, q ke fitowa. Inda nake buga lambobi, wasu ƴan alamomi ne ke fitowa. Madannan kwamfutar irin na ƙasashen Ingilishi ne, masu farawa da QWERTY, amma wanda ya saka mata Faransanci ya saita ta a AZERTY. A wajen rubutun memuwar hannuna ya saba, ba na duba madannai. Kalmar sirri kuwa, da yake ina tsoron kuskure, harafi-harafi nake bi ina kallon abin da ke zane a kan madanni, ɗigo-ɗigon nan kuma suna ɓoye mini ɓarnar. Duk mai kwamfutar da ta biyo ta Najeriya ya duba wannan.

Ya sa ta manta da rezon gaba ɗaya, muka shiga daga farko, ya nuna mini inda ake zaɓar PEAP da MSCHAPv2, hanyoyin da rezon ke tantance mai shiga, ko da wata rana ta tambaya, na rubuta su a bayan littafina. Sai ya zare kilen ya ajiye a gefe, ya danna. Da katin nan na ciki, wanda aka ce ya ƙone, ta shiga nan take. Na kalli kilen, na kalli Mushe. Ya ce, "Wa ya ce miki ya ƙone?" Na yi shiru. Na ciro jika zan ba shi na goro, ya ce in mayar jaka, aikinsa ne, in dai je in gama babina.

A ranar da an tambaye ni, cewa zan yi kilen nan asara ce tsantsa. Amma dole in yi masa adalci, don kafin in fita dattijon ya ɗauke shi ya juya kwalin, ya ce kar in yar. Katin kwamfutata zango ɗaya ya sani, na 2.4 GHz, inda wayoyin ɗalibai duka ke cunkushe, kuma hanyoyi uku ne kawai a cikinsa da ba sa hawa kan juna. Kilen yana kama na 5 GHz, inda akwai fili. Na gwada a ɗakin karatu ƙarfe goma sha ɗaya, lokacin da wuri ya cika maƙil. Da katin ciki, shafi ɗaya sai na ƙirga fankokin rufi kafin ya buɗe. Da kilen, maƙaloli goma sha biyun nan suka sauko kafin in gama shan ruwan leda. Har ganawa ta bidiyo na yi da wata malama da ke Dakar, minti arba'in, sau ɗaya kawai hoton ya daskare. Mako guda na yi ina yabonsa, har na ce wa ƙawayena mai shagon ya yi ƙarya amma kayansa na da kyau.

Kar dai lambar 600 ɗin nan ta ruɗe ku. Haɗin gudu ne aka yi, megabit 433 a daƙiƙa na zango ɗaya da 150 na ɗayan, aka cike, kuma ba a hawa biyun lokaci guda. Shi 5 GHz ɗin ma ba ya son bango kuma ba ya nisa. Ina fita zuwa gindin bishiya yake sakina in koma cikin cunkoso da kowa.

Sai kuma halinsa ya fara fitowa. Zafi yake yi, in ya yi awa biyu ba ka iya riƙe shi da yatsu. Jikinsa yana da faɗi, ya toshe ramin da ke kusa da shi, ramuka biyu ne a wannan gefen, to ko shi ko linzami. Yana kuma da wata ɗabi'a ta yanke hulɗa in na ɗan tsaya karatu ban taɓa komai ba. Wannan Mushe ya gyara mini, ashe kwamfutar ce ke kashe shi wai tana tattalin wuta, akwai wani ɗan akwati da ake cire wa alama. Amma abin da ya dawo mini da haushi sabo fil shi ne ranar da na manta shi a jiki na tura kwamfutar jaka. Matsin faba-faba daga nan zuwa Wadata kawai, na ciro shi a karkace, robar ta tsage, ƙahon yana lilo. Na yarda da laifina, amma abin jika takwas bai kamata ya zama kamar ƙwai ba. Cajar wayata ta jika ɗaya da rabi ta sha matsin da ya fi wannan tana nan.

Na koma wajen mai shagon, ba don ya mayar da kuɗi ba, na san ba a yi. So nake kawai ya ji cewa katin bai ƙone ba. Na buɗe kwamfutar a kan teburinsa, na kama wifin wayarsa da katin ciki a gabansa.

"Ikon Allah! Hajiya, wani lokaci in suka huta suna farfaɗowa."

Ko kunya babu. Na nuna masa tsagewar, ya ce kayan da aka buɗe ba ya komawa, amma akwai wani sabon samfuri da ya zo, ƙarami, ba ya karyewa, zai bar mini shi jika bakwai saboda ni tasa ce. Na ce Allah ya ba da kasuwa, na fito. Abin da ke ci mini rai ba kuɗin ba ne kaɗai, kwanan watan nan yana gabansa lokacin da ya buɗe ta. Ko bai sani ba, ko ya sani ya yi shiru, ban san wanda ya fi muni ba ga mai zaman gyara.

Yanzu kilen yana aiki in na ɗaure shi da robar gashi na ɗan tokare shi da littafi. In ya motsa, ya yanke. Saura mako uku in kare memuwar, ina lallaɓa shi ya kai ni, a cikin gwangwanin alewa nake ɗaukar sa. Jiya ƙanwata ta kira daga Tawa, ta ce tata kwamfutar ta ƙi shiga wifin makarantarsu, in na gama in aiko mata da kilen. Na ce ta kunna ta tukuna, ta karanta mini abin da ke rubuce ƙarƙashin agogo. Ta yi shiru kaɗan, sai ta ce, "Yaya, wai 2009 ta sa."