Na'urar dasa ciyawar roba ta burge ni, amma wayarta ta ɓata mini rai

Kusan shekara biyu ke nan ina gina ƙaramin samfurin tashar jirgin ƙasa ta Kano a kan tebur, kamar yadda take a zamanin dalar gyada, a ma'aunin HO, wato kashi 1 cikin 87 na ainihin girma. Dogon da ya iso Kano a 1911 siriri ne, tazararsa milimita 1,067, shi ya sa na shimfiɗa layi mai milimita 12 maimakon 16.5 da aka saba. Ciyawa ce kaɗai ta gagare ni, domin garin katakon da nake rinawa kullum kwanciya yake yi kamar an barbaɗa dusa.

Ranar da na'urar dasa ciyawar ta iso na sa mata batir, na zuba mata ƙananan zaruruwan roba da ake yin ciyawar da su, na shafa farin gam irin na kafintoci a gefen layin, na soka ƙusa a cikin ɗanyen gam ɗin na maƙala mata wayar, sannan na fara girgizawa a hankali. Wallahi sai da na ajiye ta na sunkuya ina kallo, don ƙananan zaruruwan nan sun miƙe tsaye ɗaya bayan ɗaya saboda cajin lantarki, har na ga kamar iska za ta kaɗa su. A daren nan na gama gaɓar kwalbati guda, ban kwanta ba sai wajen ƙarfe biyu.

Sai dai a kwana na uku wayar ta tsinke daga inda aka liƙa ta da dalma, gam yana bushewa a gabana saboda iskar hunturu, wajen da na shafa duk ya lalace sai da na kankare shi. Na rubuta wa mai sayarwar sau biyu bai amsa ba, ƙarshe mai gyaran rediyo ne ya mayar mini da ita. Kuma tun farko zare mai milimita 2 ruwan ƙasa na biya, aka aiko mini da mai milimita 6 kore shar, alhali a wannan ma'auni tsayinsa ya haura rabin mita, kuma lokacin da ake lodin gyada ciyawar Kano ta riga ta bushe. Har yanzu buhuna biyu na koren zaren nan suna cikin kwali, harabar tashar kuwa tana nan ba ciyawa.