Fairly ko quite a insha'in WAEC: amsa ga ƙanwarmu

Ƙanwata, kin tambaya wacce za ki sa a insha'in Turanci na WAEC, fairly ko quite. Ki riƙe fairly ki huta. In kin rubuta "fairly good", duk mai duba takarda ya san nufinki: abin da dama-dama, amma bai kai a yi guɗa ba. Malamin da ya koya mana Turanci a sakandare a nan cikin birni, Allah Ya jiƙansa, da jan biro yake rubuta "fairly good" a ƙasan insha'i. Ba ya ƙara komai, amma mun gane: ka ci, sai dai ka dawo da wanda ya fi. Ranar da ya rubuta wa ɗalibi "good" tsagwaro, har tsire ake sa ɗalibin ya saya mana a hanyar gida.

Ƙa'idar fairly ba yawa. Bayan "a" take zama, kamar "a fairly long journey". Ba ta kuma shiga inda ake fifita wani abu kan wani, don haka "fairly better" kuskure ne. A nan rather ko a little za ki sa.

Quite ma tana aiki, ba a ce ba, amma fuska biyu gare ta. Mutumin Ingila in ya ce "quite good" matsakaici yake nufi, Ba'amurke kuwa yabo ne sosai. In ta haɗu da right ko impossible sai ta koma "ɗungurungum". Ga ta kuma da shiga gaban "a": "quite a long journey". Ɗawainiyarta ta yi yawa ga mai sauri a zauren jarrabawa.

Rather ta fi dacewa da ƙorafi ko abin da ba ki zata ba, kamar "rather expensive". Pretty kuwa ki bar ta a hirar WhatsApp da ƙawaye.

Ba ki tambaya ba, amma ki kula da "fairly used" ɗin da masu waya ke rangaɗawa a allon shago. Turancinmu ne na Najeriya, a jarrabawa second-hand ake rubutawa.  

A insha'inki dai, fairly za ki sa.