Wata biyar ina koyon yoga ta manhaja: abin da na samu da abin da ya ba ni haushi

Ciwon ƙugu ne ya kai ni ga yoga, wato motsa jikin da ya haɗa miƙa gaɓoɓi da sarrafa numfashi. Aikina na zama ne a gaban kwamfuta tun safe har yamma, har ta kai idan na tashi daga kujera sai na dafa tebur na ɗan jira kafin bayana ya yarda ya miƙe. Likitan da ya duba ni ya ce babu wani abin tsoro, in dai riƙa motsa jiki, ya kuma ambaci yoga. Daga baya na gane maganar tana da tushe, domin a 2017 Kwalejin Likitocin Amurka ta sanya yoga cikin abubuwan da ake fara gwada wa mai daɗaɗɗen ciwon ƙugu kafin a kai ga shan ƙwayoyi. Sai na sayi tabarma, na yi rajista a wata manhaja mai darussan bidiyo.

Bari in fara da ƙorafina. Da na buɗe manhajar, tambaya biyu kacal ta yi min: me nake nema, kuma minti nawa nake da su a rana. Ba ta tambaye ni ko akwai inda ke min ciwo ba. Ta ɗora ni kan salon da ake kira binyasa, wanda ake wucewa daga wannan tsayuwa (wato yanayin da ake ajiye jiki a kai) zuwa waccan tare da numfashi ba tsayawa. A ido yana da kyau, malamar tana yi kamar ba ta da ƙashi a jiki. Ni kuwa ina ta haki a baya, kafin in gane inda zan ajiye ƙafa an riga an wuce tsayuwa biyu. Salon yana yawan ɗora nauyin jiki a kan tafin hannu, cikin kwana goma wuyan hannuna na hagu ya fara zogi, ƙugun kuma yana nan yadda yake. Bidiyo ba ya ganinka. Ko ka karkace ko ka murɗe, malamar za ta ci gaba da cewa "da kyau".

Saura ƙiris in watsar. Abin da ya hana ni shi ne wani rukunin darussa da na yi tuntuɓe da shi can ƙasan jeri, na salon Iyengar. Sunan wani malami ne ɗan Indiya, B.K.S. Iyengar, wanda ya daɗe yana koyarwa a birnin Pune, ya rasu a 2014 yana da shekara 95. Ya taso yaro mai yawan rashin lafiya, wataƙila shi ya sa tsarinsa yake tausayin jiki mai rauni. Ana amfani da tubalin katako, ɗamara, bargo da kujera, don idan hannunka bai kai ƙasa ba, a ɗago maka ƙasar ta same ka. Malamin zai shafe minti biyu yana bayanin yadda za ka raba nauyi tsakanin dunduniya da babban yatsa. Ranar farko na ƙosa, na ce wannan ai ba motsa jiki ba ne. Washegari cinyoyina suka ƙaryata ni.

A nan na fara ganin canji, a hankali kamar tafiyar hawainiya. Wajen mako na shida na lura ina tashi daga kujera ban dafa komai ba. Ga yadda na fahimci dalilin: dogon zama yana ɗaure jijiyoyin bayan cinya da na gaban ƙugu, tsokar ciki da ta ɗuwawu kuma su yi sanyi, sai ƙasan baya ya ɗauki aikin da ba nasa ba. Miƙa waɗancan da ƙarfafa waɗannan shi ne ya rage masa kaya.

Abin da ban zata ba shi ne barci. Akwai gajerun darussan dare na salon yin, inda ake zama a tsayuwa ɗaya minti 3 zuwa 5, ana jan fitar numfashi ya fi shigarsa tsawo. Fitar da numfashi a hankali yana rage bugun zuciya, kuma na ji hakan a jikina tun makon farko. Yanzu su na fi buɗewa.

Ƙiba kam ba ta ragu ba, ko kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, kuma yoga mai laushi irin tawa ba ta sa zuciya aiki sosai, don haka ban daina tafiyar ƙafa ba. Tallan manhajar da ke cewa murɗa jiki yana "wanke guba" kuwa dariya yake ba ni, wannan aikin hanta da ƙoda ne tun asali.

Wasu darussan suna buɗewa da rera wasu kalmomi masu tushe a addinin Hindu. Ba a sa musu alama ba, sai ka shiga za ka ji. Ni tsallake su nake yi.

Gargaɗin lafiya ma an ɓoye shi cikin ƙananan rubutu, alhali a gaba ya kamata ya tsaya. Mai hawan jinin ido ya nisanci tsayuwar da kai ke komawa ƙasa, domin tana ƙara matsin cikin ido. Yoga ta ɗaki mai zafi, da ake yi a wajen digiri 40, ba ta dace da mai juna biyu ba, mai hawan jini ko ciwon zuciya kuma ya fara jin ta bakin likitansa.

Na sabunta rajistata, amma darussan Iyengar da na dare kawai nake taɓawa. Ina kuma neman malami na ido da ido ko da na zama uku ne, ya dubi yadda nake kafa hannun nan na hagu, don har yau idan na ɗora masa nauyi yana tuna min da kwana goman farko.