Gargaɗi ga masu kaɗa jita: jika 185 na biya, cikinta wayam

Jika 185. Har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci. Jika 185 na tura wa wani mai tallar kayan kiɗa a WhatsApp, mai cewa daga Kwatano ake kawo masa kaya, a kan jitar lantarki siririya mai rabin rami, ƙirar ES-335. Kuma kada wani ya ce ban yi tambaya ba. Na tambaye shi, akwai gungume a tsakiya? Ya ce "wallahi babban yaya akwai, ga hoto." Hoton ta tsagar gefe da ke fuskar jitar ya ɗauke shi, ga farin katako tsaye a ciki. Wa zai ga wannan ya yi shakka?

Ga wanda bai sani ba, siririyar ta gaskiya, wadda Gibson ta fara fitarwa a 1958, kaurin gefenta wajen santimita 4 da rabi ne. Fuska da baya katako ne mai falle-falle, amma a tsakiya akwai gungumen katako mai tauri, tun daga gindin wuya har ƙarshen jiki, an haɗe shi da fuska da baya da gam. Ramin a gefe biyu kaɗai yake. Cikin gungumen nan ake kafa ƙafafun jaki, wato abin da tsirkiyoyi ke hawa kansa, da ƙusoshi biyu masu riƙe ƙarfen tsirkiya, shi ne kuma ke hana ta kuka in an ƙara wa amfili, na'urar ƙara sauti, murya. Mai kauri kuwa, irin ES-175, ta haura santimita 8, kuma ba gungume a cikinta. Sanduna biyu ne aka manna a ƙarƙashin fuska, jakinta ajiye shi kawai ake yi tsirkiyoyi su danne shi, mariƙin tsirkiya kuma can gindin jitar aka ɗaure shi, inda akwai katako mai ƙarfi. Shi ya sa ba abin da ke jan fuskarta sama. Akwai ma sirara marasa gungume, ES-330 da Casino, amma su ma a gindi mariƙinsu yake. Ba a kafa ƙusoshi a fuskar da ba komai a ƙarƙashinta, ko ɗan koyo ya san haka.

To wannan abin shi aka yi wa tawa. Da na kwance mikoron wajen jaki, wato abin da ke ɗaukar amon tsirkiya, na haska tocila, maimakon in ga gurbi da aka sassaƙa cikin katako, sai na hango bayan jitar. Wayam. Farin katakon da ke cikin hoto ashe ɗan falle ne mai kaurin milimita 5, an tsayar da shi daidai saitin tsagar don ido kawai. Ƙusoshin kuma cikin wani ɗan guntu mai santimita 2 aka cusa su. Tsirkiyoyi shida masu lambar kauri 10 zuwa 46 suna ja da ƙarfin da ya kai kilo 45. Guntu zai riƙe wannan? Ga kuma zafin Damagaram da ke sassauta gam. Ƙusoshin sun karkata gaba, fenti ya tsage a kewayensu, fuskar ta kumbura.

Amma kafin nan ma, ranar da na ɗauko ta a tasha na ji ta sakayau a hannu. Kilo 2.7, alhali mai gungume tana kusan 4. Na kira shi, ko washegari ne na kira, ya ce ai sabon samfuri ne. Na yarda. Abin da ke cina ke nan, "wallahi babban yaya", na yarda. A wajen biki a Birni ta tona asiri, ina kai muryar amfili lamba 4 ta kama kuka kamar an taka kare, mutane na toshe kunne. Bikin nan ya riga tsagewar fentin. Jika 185, ban da kuɗin mota. Yanzu lambarsa a kashe, ya fita daga gurup ɗin.

Hoton cikin jitar, da takardar tura kuɗin, da muryarsa yana rantsuwa, duk suna nan, zan sa su yau da dare in rezo ya yi kyau.

Kada ku yarda da hoton tsaga. A kwance mikoro a gabanku ko a bidiyo, a ɗora ta kan sikeli, ku ƙwanƙwasa tsakiyar bayanta da yatsa: mai gungume amonta a toshe yake, wannan kuwa kamar ƙwarya. Kuma in ya kira ku da wata sabuwar lamba yana cewa akwai saura guda biyu, ku turo mini ita.